Shin 'yan'uwan mai sikizofireniya su ma ƙwaƙwalwarsu tana raguwa?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum malamai. A darasin lafiyar ƙwaƙwalwa an ce iyaye da 'yan'uwa da 'ya'yan mai sikizofireniya (cutar taɓin hankali mai sa mutum jin magana ba mai yi ko zargin ana binsa), ko da lafiyarsu ƙalau, sukan yi ƙasa kaɗan a gwajin tunani da riƙe abu. Yaya girman wannan raguwa, kuma wane ɓangaren tunani take taɓawa? Idan ɗan'uwan majinyaci ya zo da kukan mantuwa, gwaji zai iya nuna ko cutar na tafe masa?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam. Maganar gaskiya ce, amma sai an san ma'auninta kafin a faɗa wa dangi, in ba haka ba a jefa su cikin tashin hankali a banza.

Ki ɗauki ma'aunin da matsakaicinsa 100 ne, kamar na gwajin kaifin basira. Masu cutar kansu sukan faɗo da maki 15 ko fiye. 'Yan'uwansu na jini kuwa, idan aka haɗa su rukuni guda aka kwatanta da mutanen da babu cutar a danginsu, ratar takan tsaya tsakanin maki 5 zuwa 8. Bincike biyu da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, na Sitskoorn a 2004 da na Snitz a 2006, duk nan suka nufa. Da irin wannan rata, wajen kashi 80 cikin 100 na makin rukunonin biyu a cakuɗe yake. Za ki samu ɗan'uwan majinyaci da ya fi yawancin mutane riƙe abu, ki kuma samu wanda babu cutar a zuriyarsa yana ƙasa da shi.

Inda ratar ta fi fitowa: koyon jerin kalmomi da aka karanta wa mutum, tsayar da hankali a kan aiki ɗaya na tsawon lokaci, saurin aiki, da sauya tunani daga wata ƙa'ida zuwa wata. Ilimin da mutum ya tara tun da, kamar sanin ma'anar kalmomi, bai cika taɓuwa ba.

Dalilin da ya sa masu bincike suka damu da wannan shi ne gado. A alƙaluman masanin gado Gottesman, haɗarin cutar ga kowa kusan kashi 1 cikin 100 ne, ga wa ko ƙane kusan 9, ga ɗa ko 'ya kusan 13, ga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan 48. Ki lura, ko a tagwayen nan rabi ba sa kamuwa. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce: a 2014 an gano wurare 108 a ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu alaƙa da cutar, a 2022 adadin ya kai 287. Kowanne gudummawarsa 'yar ƙil ce. Ɗan'uwa na iya gadon wani kaso, ya ɗan rage masa sauri, bai taɓa kai shi ga ciwo ba.

Mai Gwajin Tunani:
Likita ya gama da lissafi, bari in taɓa yadda ake gwajin, don a nan ake yawan yin kuskure.

Gwajin Rey na kalmomi: ana karanta kalmomi 15, kalma ɗaya kowace daƙiƙa, mutum ya maimaita abin da ya riƙe. Haka sau 5. Sai a kawo wani jerin daban don ya shiga tsakani, a koma na farko, sannan a jira minti 20 zuwa 30 a sake tambaya. A ƙarshe a karanta masa kalmomi a gauraye ya ware waɗanda ya ji. Abin dubawa ba jimillar maki kaɗai ba ne, a duba yadda yake hawa daga zagaye na 1 zuwa na 5. Wanda ke da irin wannan rauni yakan hau a hankali, amma abin da ya shiga ya zauna, kuma idan aka tuna masa yana ganewa. Wanda kuwa ya koya sannan bayan rabin awa komai ya zube, har aka nuna masa bai gane ba, wannan wata hanya ce daban, a fara tunanin irin su cutar mantuwa ta Alzaima, musamman in shekaru sun ja.

Na biyu, haɗa da'irori 25 a takarda da fensir. Kashi na farko lambobi ne zalla, kashi na biyu ana tsallakawa: 1 zuwa A, 2 zuwa B, har ƙarshe, ana auna lokaci. Na uku, haɗa lambobi 9 da alamominsu cikin daƙiƙa 90 ko 120, gwargwadon samfurin. Sai maimaita lambobi a juye, da lissafa sunayen dabbobi cikin daƙiƙa 60.

Abubuwan da ke ɓata sakamako sun fi ƙarfin ratar da muke nema. Wanda bai saba da haruffan boko ba zai yi jinkiri a haɗa da'irori ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Gwaji a harshen da ba nasa ba, ko auna shi da ma'aunin da aka samo daga wata al'umma mai zurfin karatu, duk ƙarya za su ba ki. Raunin ji a kunne yana kama da mantuwa. Maimaita jerin kalmomi iri ɗaya bayan ɗan lokaci yana ɗaga maki saboda sabo, shi ya sa ake da jerin musanya. Sai babbar matsala: mai jinya. Uwa ko ƙanwa da ta kwana uku ba barci tana tsaron majinyaci, ga damuwa ga zullumi, dole makinta ya faɗi. Wannan gajiya ce, ba gado ba. A tambayi barci da yanayin zuciya kafin a ɗauki fensir.

Mai Harhaɗa Magunguna:
A ƙara da tambayar abin da mutum yake sha. Diyazefam, maganin sa barci da kwantar da hankali, da danginsa suna hana sabon abu zama a ƙwaƙwalwa. Artane (maganin rawar jiki da sanƙarewa) da magungunan ƙaiƙayi masu sa barci su ma haka, kuma a gidan da ake da majinyaci irin waɗannan ba sa wuyar samu. Wiwi ta fi muni ga mai wannan tarihin a dangi: tana rage riƙe abu, tana kuma ƙara haɗarin cutar kanta, musamman in an fara tun ƙuruciya ana sha kullum. A duba jini: ƙarancin jini, bitamin B12, sukari, da aikin tayroyid, wata gaɓa da ke gaban wuya.

Ɗalibar Jinya:
Allah ya saka da alheri. To ke nan gwajin ba ya hango cutar ko a yara?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
A rukuni yana nuna wani abu, a mutum ɗaya bai isa ba. Binciken da aka fara a birnin New York a 1971, wanda ya bi 'ya'yan masu cutar har suka girma, ya ga cewa raunin tsayar da hankali da riƙe kalmomi a yarinta ya fi yawa ga waɗanda daga baya suka kamu. Amma yara da dama masu irin raunin ba su taɓa kamuwa ba. Don haka ba a laƙaba wa yaro cutar saboda makin gwaji, ba a kuma fara masa maganin cutar saboda maki.

Abin da ake bi shi ne canji. Raunin da muke magana a kansa tsayayye ne, da shi mutum ya taso. Wanda ke buƙatar a gan shi da wuri shi ne matashi ɗan shekara 15 zuwa 30 da a cikin 'yan watanni karatunsa ko aikinsa ya faɗi, ya janye daga mutane, barcinsa ya juye, ya daina kula da tsafta, ya fara zargin ana binsa ko yana jin magana ba mai yi. Wannan a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa ba tare da jiran wani gwajin takarda ba, domin tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka babu magani yana da alaƙa da yadda zai warke. Maza sukan fara daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon ashirin, mata su ɗan jinkirta, wasunsu ma sai bayan 40. Ɗan'uwa namiji mai shekara 45 da ke kukan mantuwa, yawanci barci, damuwa, magani ko hawan jini za a fara nema.