Albam ɗina na farko ya kusa haɗuwa, ta ina zan fara sakinsa?

Ɗan Ɗorayi:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu harkar waƙa ku ba ni shawara. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina haɗa albam na hip-hop, gambarar zamani zalla da Hausa, waƙa 11 ne, 9 an gama ɗaukar murya saura 2. A wani ƙaramin situdiyo nake yi wajen Zoo Road, yawanci sai bayan isha'i nake shiga saboda da rana ina shago, wani lokacin ina tsakiyar baiti a ɗauke wuta mu zauna jiran a tada janareto har muryar ta huce sai an sake daga farko. Yanzu matsalar ita ce ban san yadda ake sakinsa ba. In zuba duka a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi, lokaci ɗaya ne ko in dinga saki ɗaya bayan ɗaya? Kuma kiɗa 4 a ciki daga YouTube na ɗauko, waɗanda ake rubuta kyauta ne a jikinsu, akwai damuwa?

Bash Furodusa:
Ƙanina ka tsaya tukuna, maganar kiɗan nan 4 ita ce babba ba maganar saki ba. Kyautar da suke rubutawa yawanci ta gwaji ce, wato ka hau kai ka ji daɗinka amma ba ka nemi kuɗi da ita ba. Ranar da ka ɗora a Spotify ko YouTube na'urar su za ta iya gane kiɗan, ko a sauke waƙar ko kuɗin ya tafi wajen mai shi. Na ga yaron da haka ta faru da shi, waƙar da ta fi tashi a cikin aikinsa ita aka sauke sati 3 da fita, ya zo situdiyo ya zauna a kan benci ya kasa magana wlh har yau abin na raina. Ka nemi masu kiɗan ka sayi lasisi su ba ka takarda, in kuɗin ya yi yawa ka sa furodusanka ya buga maka sabo a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ka sake hawa.

Sannan kafin ka biya furodusan cikon kuɗinsa ka karɓi kayanka a filas, kowace waƙa a WAV, wato fayil mai cikakken ingancin sauti, ba MP3 ba, da muryoyi daban kiɗa daban. Kwamfutar situdiyo tana iya mutuwa ko ku saɓa da juna, shi ke nan aikin shekara ya tafi. Kuma ku rubuta a takarda wa ke da kashi nawa a kowace waƙa, kai da mai kiɗa da duk wanda ya hau ya yi baiti, kowa ya sa hannu tun ana dariya da juna.

Ummi KD:
Ni mai sauraro ce kawai amma gaskiya kar ka zuba 11 lokaci ɗaya, ba wanda ya san ka tukuna, mutum zai ji biyu ya wuce. Ka fitar da wadda ta fi amshi mai kama baki, ka yanki daƙiƙa 20 ka sa a TikTok ka ga yadda za a karɓa. Ni duk mawaƙan arewa da nake bi yanzu a can na fara jin su kafin in je neman cikakkiyar waƙar.

Ɗan Ɗorayi:
Yaya Bash na gode ƙwarai, wlh ban taɓa tunanin karɓar muryoyin daban ba. To mikisin (daidaita murya da kiɗa) da mastarin (gyaran sauti na ƙarshe) fa, shi furodusan ya ce zai yi duka, in bar masa?

Bash Furodusa:
Mikisin ya yi in hannunsa na da kyau, amma mastarin ka kai wa wani kunnen daban, wanda ya kwana yana jin waƙa wata 6 ba ya ƙara jin aibinta. In an gama kar ka yarda da manyan sifikun situdiyo kaɗai, komai daɗi yake a can. Ka saurara a ƙaramar waya, ka saurara a iyafis mai araha, ka ba mai adaidaita ya kunna a tasa, in kalmominka ba sa fita a nan to a koma a ɗaga murya, rap ai magana ce.

Wajen saki kuma Audiomack kai da kanka za ka ɗora, amma Spotify da Apple Music sai ta hannun dillali irin DistroKid ko TuneCore kuma yawanci da dala ake biya, ka tanadi katin da zai yi. Girman hoton bango pixel 3000 a 3000. Ka tura musu kamar wata guda kafin ranar, ka zaɓi Juma'a don tun 2015 ita ce ranar da ake sakin sabbin waƙoƙi a duniya. Kar ka sa ran kuɗi da wuri, tun 2024 Spotify ba ta biya sai waƙa ta kai sauraro 1000 a cikin wata 12.

Abba Tura:
Ku dai kar ku manta da mu masu turawa a waya. Mutanen ƙauye da yawa ba su da data, memori suke kawowa a cika musu. Ka bi Farm Center, kasuwar waya ta Kano, da sauran rumfunan caji ka ba su waƙa biyu da sunanka a rubuce daidai a jikin fayil ɗin, don in ka bar shi ba suna gobe za ka ji ta a wayar wani da sunan wani mawaƙin.

Ɗan Ɗorayi:
Allah ya saka muku da alheri. Na tura wa masu kiɗan saƙo yanzu, ɗaya har ya amsa. Gobe in sha Allah zan sayi filas in wuce situdiyo.