Manhaja na cewa sunan bariyebul ya maimaitu: daga ina matsalar take?

Mai tambaya: Salamu alaikum injiniyoyi. An kwafi matakai 6 daga umarnin aikin tasha ta 3 zuwa tasha ta 4 a layin haɗa kaya na masana'anta, sai manhajar da ke nuna wa ma'aikata umarnin aiki ta ƙi wallafa sabuwar sigar, wai akwai bariyebul (wato gurbi mai suna da manhaja ke ajiye bayani a ciki) biyu masu suna ɗaya. A jerin kuwa ɗaya kawai ake gani. Ina za a duba?

Mai kula da layin haɗa kaya: Wa alaikumus salam. Kwafin ne ya jawo. Mataki yakan taho da bariyebul ɗinsa, idan kuma tashar da aka kai shi tana da mai wannan suna, sai su yi karo. Abin da ya sa ba ka ganin na biyun: ɗaya na cikin matakin ne kaɗai, ɗaya kuma na umarnin gaba ɗaya, jerin yana nuna rukuni ɗaya. Cire tacewar da ke kan jerin tukuna. Kada ka goge komai yanzu.

Mai shigar da bayanai: Malam, idan daga Excel aka shigo da sunayen, duba gurbin da ido ba ya gani. "karfi_noti" da wanda ke da sarari a ƙarshe, wata manhajar takan karɓe su a matsayin biyu, ta zo wajen wallafawa ta ce ɗaya ne. Sa LEN, umarnin Excel mai ƙirga tsawon rubutu, a gefen kowane suna, ka ga wanda tsawonsa ya ƙaru da 1. TRIM, umarnin da ke cire sararin da ya yi yawa, ba ya cire sarari mai lamba 160, irin wanda ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, sai an haɗa da SUBSTITUTE (mai musanya rubutu) da CHAR(160), wato wannan sararin. COUNTIF kuma, mai ƙirga sau nawa suna ya fito, ba ya bambance babban baƙi da ƙarami; EXACT, mai kwatanta rubutu biyu, shi ne ke yin haka.

Wani abin da ya shafe mu musamman: baƙaƙe masu lanƙwasa. Idan aka ajiye fayil a matsayin CSV (fayil ɗin tebur na rubutu zalla) na gama-gari, ba na tsarin UTF-8 mai ɗaukar baƙaƙenmu ba, ɓ da ɗ da ƙ kan koma alamar tambaya. "ɓari" da "ɗari" duk su zama "?ari". Shi ke nan, karo.

Injiniyan injuna: Ta ɓangaren PLC, kwamfutar da ke sarrafa injuna, ma yana faruwa. Sukurdireba biyu na lantarki za su iya aiko da suna ɗaya ta OPC UA (tsarin da injuna ke aika bayanai da shi), amma adireshinsu daban: ɗaya ns=2 ɗaya ns=3. Idan manhajar ta ɗauki sunan da ake gani kawai ta bar adireshin, sun zama ɗaya. A sa lambar layi da tasha a gaba: L2_T04_karfi_Nm.

Mai kula da inganci: Ranka ya daɗe, wajen gogewa ake yin ɓarna. Sau da yawa tsofaffin bayanan ɗaurin noti suna rataye da lambar bariyebul ɗin ta ciki, ba sunansa ba, don haka goge wanda bai dace ba na iya raba rahoto da tarihinsa. A sake wa na biyun suna, a ƙara masa _tsoho, a bi duk sharuɗɗan da ke kiransa a mayar da su kan na asali. A duba nau'insu ma: idan ɗaya rubutu ne ɗaya lamba, a kwatancen rubutu "9" ya fi "12" girma, sai noti mai 9 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ya wuce gwajin 12 Nm. A gwada da kaya 3 a sigar gwaji, ɗaya a sassauta shi da gangan, kafin a wallafa, kuma a bari sai lokacin canjin ma'aikata.