Shin 4,294,967,297 firam ce?

Ɗalibin Lissafi: Assalamu alaikum malamai. Lambar 2^32 + 1, wato 4,294,967,297, ta tsallake gwajin Fermat da tushe 2: na ninka 2 da kanta har adadin 2 ya kai lambar ban da ɗaya (wato 2^32), na raba da lambar, ragowa ta fito 1, kamar yadda firam take bayarwa. Ke nan firam ce, babu mai raba ta sai 1 da ita kanta? Kuma a wane rukuni za a sa ta?

Malamin Alli: Wa alaikumus salam. Ba firam ba ce: 641 × 6,700,417. Masanin lissafi Fermat ma ya faɗa ramin nan a 1640, ganin 3, 5, 17, 257 da 65,537, wato 2^1 + 1, 2^2 + 1, 2^4 + 1, 2^8 + 1 da 2^16 + 1, duk firam ne, sai ya zaci ta gaba, 2^32 + 1, ita ma firam ce. Euler ne ya fasa ta a 1732.

Tushe 2 ne ya yaudare ka. In ka raba 2^32 da lambar, ragowa -1 ce, don haka 2^64 ragowarta 1. To 64 tana raba 2^32 daidai, dole gwajin ya ba da 1 ko lambar firam ce ko a'a. Ka koma gwajin Pépin: fara da 3, ninka ta da kanta, raba da lambar ka ɗauki ragowa, ka yi haka sau 31, kullum kana ninka sabuwar ragowa da kanta. In ba ka ƙare a 4,294,967,296 ba, ba firam ba ce. A nan ba za ka ƙare a can ba.

Hajiya Mai Ƙirga: Ƙari kan bayanin Malam. Kada ka wahalar da kanka da gwada firam 6,542 da ke ƙasa da 65,536. Lucas ya nuna a 1878 cewa duk firam mai raba wannan lamba sai ta zo da siffar 128k + 1, wato ninkin 128 da ƙarin 1. Ga su: 129, 257, 385, 513, 641. Uku sun faɗi tun a ƙofa, don 3 na raba 129 da 513, 5 na raba 385. Ita 257 'yar gidan Fermat ce, wato jerin 3, 5, 17, 257, 65,537 da lambarmu take ciki, kuma 'yan gidan ba sa tarayya a mai rabawa. Saura 641, gwaji ɗaya tak.

Batun rukuni: firam biyu ne suka haife ta, masu raba ta huɗu ne kacal. Jimlarsu ban da ita kanta 6,701,059, ko kusa da ita bai kai ba, saboda haka gajiyayya ce, ba cikakkiya irin 6 ko 28 ba, waɗanda jimlar masu raba su, ban da su kansu, take daidai da su. Abin da ya fi burge ni, ana rubuta ta ta hanya biyu: 65,536² + 1² da 62,264² + 20,449². Firam ba ta taɓa yin haka sau biyu, wannan kaɗai hujja ce.

Mai Kwamfuta: A kula wajen gwadawa. Ma'ajin kwamfuta na bit 32 marar alama (wanda ba ya ɗaukar lambar ƙasa da sifili) iyakarsa 4,294,967,295, lambarmu za ta zagayo ta koma 1 ba tare da gargaɗi ba. Excel kuma alƙaluma 15 na farko na lamba yake riƙewa, alhali ninkin ragowa a gwajin Pépin yakan kai alƙaluma 19 ko 20. Python ta fi: pow(3, 2**31, 2**32 + 1).