Na gama kemikal injiniyarin a KNUST, ina so in koma harkar kwamfuta, ta ina zan shiga?

DanAboabo:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah ina neman shawara daga waɗanda suka riga ni. Na yi kemikal injiniyarin a Tek, wato jami'ar KNUST da ke Kumasi, shekara 4, na gama sabis na bautar ƙasa bara, tun daga nan ina gida Aboabo ina taya yayana tsaron shagon waya a Kejetia. Lokacin da muka shiga makaranta kowa cewa yake ai tunda Ghana ta fara haƙo mai a Jubilee a 2010 ɗan kemikal ba zai rasa aiki ba, Ghana Gas na nan Atuabo, matatar mai ta TOR na nan Tema, to ga shi na tura takarda wurare har na daina ƙirgawa, shiru kake ji. Abokina kuwa da ya yi kwamfuta sayans yana zaune ɗakinsa Asawase da laftof yana yi wa turawa aiki ana biyansa da dala. Ni abin da na sani manhajar lissafi ta MATLAB kaɗan da Aspen HYSYS, manhajar kwaikwayon aikin masana'anta, da muka yi furojet da shi, sai Excel. Shin in watsar da satifiket in fara kodin daga farko, ko akwai wata ƙofa da irinmu ke bi? Tsohuwa ta fara tambayata wai injiniyan me ne ke sayar da caja.

Injiniya_Tema:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka watsar da komai, saurara ka ji nawa. Ni ma Tek na yi, na samu aiki wata masana'antar abinci nan Tema, aikin dare. Kowane awa ɗaya sai in zaga da littafi da biro in rubuta zafin tukunyar tururi da matsin ta da yawan man da ta sha, da asuba in kwafe cikin Excel in tura wa manaja, shi kuma wallahi na tabbata ba ya buɗewa. Littattafan shekara da shekaru suna jibge cikin kabad ƙura ta rufe su. Gajiya da kwafin ne ya sa na koyi yaren kodin na Python a YouTube, ba don son tek ba. Da na zuba lambobin wata 6 na zana su sai na ga zafin hayaƙin da ke fita ta bututu yana hawa a hankali mako bayan mako, man da ake ƙonawa ma yana bin sa. Ɗan kwamfuta zalla zai ga layi ne kawai yana hawa, ni kuwa na san me ake nufi, datti ya taru jikin bututun ciki zafi ba ya ratsawa zuwa ruwa, yana bin hayaƙi yana tafiya. Aka wanke, man ya sauka. Daga ranar nan aka cire ni daga aikin dare.

Yanzu aikina kenan, nazarin data na masana'antu. Abin da zan ce maka ka fara da SQL kafin komai, wato yaren da ake ciro lambobi daga rumbun data da shi, sai Python da pandas, kayan aikinsa na sarrafa teburin lambobi, sai Power BI mai mayar da lambobi zane don manajoji hoto suke so ba lamba ba. Lissafin ai ka riga ka sha shi a makaranta, wanda ya tsallake tamodainamiks, darasin zafi da makamashi, SQL ba zai kayar da shi ba. Hanya ta biyu kuma PLC da SCADA, wato kwamfutocin da ke juya injinan masana'anta. Darasin PID, na yadda inji ke daidaita kansa, da kuka yi a shekara ta uku ko ta huɗu shi ne dai, sai ka koyi na Siemens ko Allen-Bradley a aikace. Masu wannan hannun ba su da yawa, in inji ya tsaya ƙarfe 2 na dare su ake nema.

Baba_Tarkwa:
Yaran yanzu kowa laftof laftof. Ɗana, ka nemi wajen ma'adinai tukuna? Zinariya da ake haƙa Obuasi da Tarkwa da Ahafo ba da hannu ake tsince ta cikin dutse ba, niƙa ake yi a narkar da ita da sayanaid a kama ta da gawayi, wannan aikin ɗan kemikal ne tsantsa. Ga manganis Nsuta, ga bokzait Awaso, ga litiyom da aka gano Ewoyaa wajen Mankessim, shi ne kuwa abin da ake batirin wayar da kake sayarwa da shi. Ni shekara 20 ina wannan layin, da shi na yi gida na je Makka. Kwamfutar ma tana nan cikin ɗakin kwantirol tana jiranka.

YarNima_Turai:
Baba ya yi gaskiya amma bari in ƙara wata ƙofar da ba a cika faɗa mana a gida ba, yin cif ɗin kwamfuta, wato ɗan ƙwaƙwalwar da ke cikinta. Mutane na zaton aikin yan lantarki ne, alhali rabin abin da ake yi a masana'antar kemistiri ne: a shimfiɗa wani siririn abu kan faifan silikon da iskar gas, a shafa maganin da haske ke canzawa, a haska zane a kai, a cinye inda ba a so da asid ko filasma, wato iskar gas da aka caje da lantarki, a goge ya yi sumul, a sake, haka ɗaruruwan matakai, faifai ɗaya sai ya yi watanni kafin ya fito. Andy Grove da ya shugabanci kamfanin cif na Intel ma kemikal injiniya ne, a Berkeley ya yi dokta a 1963.

Ni ta hanyar mastas na shigo, a fannin kayan ƙira. Ranar farko da na shiga ɗakin aka ce ba hoda ba kwalli ba turare, nan na ce to fa, yar Nima ba turare. Farin kaya ake sawa tun daga kai har ƙafa ido kawai ke waje, ni dai hijabi bai taɓa zama matsala ba tunda kowa a rufe yake har mazan. Wani sashe fitilarsa rawaya ce saboda farin haske na ɓata maganin da ke kan faifan, in ka yi awa 12 a ciki ka fito sai duniya ta yi maka shuɗi shuɗi. Amma gaskiya ɗaya, babu irin wannan masana'anta a Ghana. Taiwan ne wajen TSMC, Koriya wajen Samsung, Amurka, Jamus, Ailan, ga ASML a Holan masu ƙera injin hasken. Don haka in wannan kake so sai ka duba ajin digirinka ka fara neman sikolashif, ka koma Tek ka gaida malamanka tun yanzu don su za su rubuta maka wasiƙa.

Momo_Dev:
Cale ni na yi abin da kake tunanin yi, na bar kemikal gaba ɗaya na koma kodin, yanzu ina wani kamfanin fintek, wato fasahar kuɗi, Accra muna haɗa biyan kuɗi da momo, kuɗin waya. Ban yi nadama ba amma kar abokinka na Asawase ya ruɗe ka, ba ka ga shekarun da ya yi ba ko sidi ɗaya. Ni wata 14 na yi, data na cin alawata, wuta na ɗaukewa tsakiyar darasi, intabiyu 5 aka kore ni. Kuma yanzu matakin farko ya fi da wuya, AI na rubuta ƙananan kod da a da ake ba sababbi, ga yaran da suka gama butkam, gajeren kwas na kodin, ko ina. Wuraren koyo da aiki akwai, MEST na Accra tun 2008, Kumasi Hive na kusa da kai, AmaliTech ma suna koyarwa, Google ta buɗe cibiyar binciken AI a Accra 2019 amma can sai masu manyan digiri. Da zan sake da hanyar Injiniya_Tema zan bi, don a layin da na shiga satifiket ɗina bai ƙara mani komai ba, na yi layi ne da yaro ɗan shekara 19.

DanAboabo:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba in sha Allah zan tura Tarkwa ma, ban taɓa gwadawa can ba. Yaya YarNima ajin digirina sekan kilas ofa ne, ya isa? Yaya Injiniya matsalata ba ni da masana'antar da zan samu lambobi in gwada, kuma laftof ɗina ƙarami ne, RAM ɗinsa gig 4 ne.

Injiniya_Tema:
RAM 4 ya isa SQL da pandas, in ya yi nauyi ka buɗe Google Colab, inda kwamfutar Google ke yi maka aikin ta intanet. Lambobi kuma ba shagon yayanka na da littafin ciniki ba? Ɗauko na wata 3 ka zuba, ka gano wace caja ce ke kwana a shago wace ke tafiya, da ranar da ciniki ya fi. In ka gama turo mani ta inbos ran Juma'a bayan masallaci in duba.