Bindigar Farar Hula da Hitler: Yadda Aka Kwashe a Zaurenmu na WhatsApp

Ɗan Batsari: Jiya ma an kore mana shanu. Amurka tun 1791 tsarin mulkinta ya ba mutane damar riƙe bindiga, yaransu suka tashi da iya harbi, shi ya sa suka murƙushe Hitler. Mu kuwa an mai da mu matsorata, ko harba-ka-ruga sai da lasisi.

Malamin Tarihi: Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Amma Tarayyar Sobiyat ce ta karya lagon Jamus a Stalingrad cikin 1943, ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin, ba kuma da bindigar gida ta yi ba. Gudummawar Amurka mafi girma masana'antu ne: jirage, tankoki da motocin Detroit.

Na Ƙofar Soro: Dakata Malam. Su wa ne matsoratan? Kakana ya yi yaƙin Bama, da kunnensa ɗaya ya dawo.

Ɗan Batsari: Cewa na yi AN MAI DA MU.

Na Ƙofar Soro: Duk kanwar ja ce. Janye kalmar.

Hajiyar Daura: Ku na cikin birnin Katsina ku yi shiru. Wanda ke kwana bayan katanga bai san tsoro ba balle jarumta.

Na Ƙofar Soro: Hajiya, da girmanki. Daura yaushe aka taɓa kai hari?

Hajiyar Daura: Ɗan nan, 'yata a Jibiya take aure.

Malamin Tarihi: Mu koma kan batu. Ko a yaƙin 'yancin Amurka, sai da jiragen ruwan Faransa suka tare teku a Yorktown, 1781, kafin Ingila ta miƙa wuya.

Ɗan Kwankwasiyya: Ai Masari, gwamnan Katsina na lokacin, da bakinsa ya ce a nemi makami a kare kai, 2021. Gwamnatinku ce ta gaza.

Na Ƙofar Soro: Kai kuma wa ya sa da kai? Koma Kano.

Ɗan Batsari: Shanuna fa nake magana a kai, jama'a.

Admin: To, a taƙaice: kowa ya yarda babu matsoraci a Katsina, musamman cikin birni. Ɗan Batsari ya janye kalmarsa. Maganar Rasha kuma Malam ya turo a keɓe, ta yi tsawo. Na rufe zaure sai bayan Isha'i.

Ɗan Batsari: Ni ban janye komai ba.