Wane littafi zan ba abokina mai ra'ayin gurguzu?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ina da aboki tun muna firamare, yanzu malamin sakandare ne a nan Katsina. Mahaifinsa ɗan PRP ne na a-mutu, jam'iyyar Malam Aminu Kano, shi kuma ya taso da karatun marigayi Dakta Bala Usman. Kullum bayan Isha'i muna majalisa a ƙofar gidansu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mu da zance sai wannan. A ganinsa gwamnati ce ya kamata ta ƙayyade farashin masara da taki da mai. Ni kuwa hatsi nake sarowa daga Ɗandume, na san abin da ke ɗaga buhu da abin da ke karya shi, amma da ya fara jero min su Karl Marx, jagoran aƙidar gurguzu, sai bakina ya mutu. Jiya ya ce in kawo littafi ɗaya tak a kan 'yancin kasuwa, ya yi alkawarin karantawa. An ce min The Road to Serfdom na masanin tattalin arziki Hayek. Ya dace?

Malamin Tattali:
Wa alaikumus salam. Kada ka fara da Hayek. A 1944 ya fito, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jigonsa shi ne idan gwamnati ta ƙwace tsara tattalin arziki, ƙarshenta mulkin kama-karya. Abokinka zai ɗauka shi ake zagi, ya ajiye.

Ka nemo masa Economics in One Lesson na Henry Hazlitt, na 1946. Ƙarami ne, Turancinsa ba wuya. Da labarin yaron da ya jefi gilashin shagon mai burodi ya soma, labarin da ya aro daga Bafaranshe Bastiat. Jama'a suka taru suna cewa ai ba a yi asara ba, mai gyaran gilashi ya samu aiki. Abin da ba su gani ba, kuɗin nan mai burodi ya tanade su ne don ɗinkin sutura, yanzu tela ya rasa ciniki, kuma telan ba ya wurin balle a tausaya masa. Idan ya karanta wannan, ka tuna masa rufe boda na 2019. Masu injin casar shinkafa kowa ya ga ribarsu. Mai iyalin da mudu ya fi ƙarfinsa fa, da ɗan dakon Jibiya da ya wayi gari ba aiki, wa ya ƙirga su?

'Yar Daura:
Malam, da girmamawa, misalan Hazlitt na Amurkar da ne. Ni Basic Economics na Thomas Sowell zan zaɓa, saboda marubucin kansa. Baƙar fata ne da ya tashi cikin talauci a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma shekaru ya yi yana bin Marx kafin aiki a ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ya sauya masa tunani. Ba wanda zai ce masa ɗan masu kuɗi ne. Babu lissafi a ciki. Sai dai fa tubali ne, bugun baya-bayan nan ya haura shafi 600.

Tsohon Manomi:
Ɗana, kowanne ka ba shi, ka haɗa masa da abin da muka gani da idonmu. Zamanin hukumar sayen gyaɗa da auduga, gwamnati ke yanka farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, ka kai wa ejan ya ɗora a sikeli ya ba ka abin da aka ce. Da rarar guminmu aka yi ayyuka a birane. Sai 1986 aka rushe hukumomin.

Amma ka shirya, a shekarar nan ce Babangida ya kawo SAP, wato shirin yi wa tattalin arziki garambawul, kuma abokinka zai tuna maka da ita. Kada ka musa masa. Naira ta faɗi, albashi ya zama ba ya kai wata, mutane sun sha wuya ƙwarai. Wanda ya fito daga gidan NEPU da PRP kishin talaka ne ya kai shi can, ka girmama masa wannan. Sannan ka je wurin malaminku ya karanta muku hadisin Anas, lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Malamin zai kuma faɗa muku an hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Wannan ɓangaren ku 'yan hatsi ya shafa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Baba, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Hazlitt zan fara ba shi, in ya gama ya nemi ƙari sai Sowell. Shi ma ya gindaya min sharaɗi, sai na karanta How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney, har ya aiko ƙaninsa da shi ɗazu da La'asar. Wa ya san inda zan samu Hazlitt na takarda, a Katsina ko Kano? Ba ya son karatu a waya.