Ofishin ilimi na ƙaramar hukuma: ina ikonsa ya tsaya, kuma da me za a auna aikinsa?

Ɗan Kwamiti:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da duk wanda ya san aikin ofishin ilimi daga ciki. Ƙaramar hukumarmu a jihar Kebbi ba ta da girma, makarantun firamarenta galibi na ƙauye ne. A cikin gari malamai sun yi yawa har wasu ba su da ajin shiga, a ƙauye kuwa hedimasta da malami ɗaya ko biyu ke fama da aji shida. Yaro ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. In kwamitinmu na al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ya kai kuka ofishin ilimi sai a ce maganar tana sama, in an je wurin ciyaman ya ce tun kafin kason ƙaramar hukuma ya iso hannunsa an cire kuɗin malamai. To wane iko ne a hannun Sakataren Ilimi, wane ne a hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha? Kuma da me kwamiti zai auna ko ofishin yana aiki, ba tare da an ce siyasa muke yi ba?

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam, Malam. Duk cikinsu babu wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowa ya faɗi rabin da zai wanke shi.

Tsarin hawa uku ne. A Abuja akwai UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa, ita ke kula da kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya da aka ware wa shekara tara ta farkon karatu, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A Birnin Kebbi akwai SUBEB. Sannan kowace daga ƙananan hukumomi 21 tana da hukumar iliminta, ƙarƙashin Sakataren Ilimi, wanda kowa ke kira E.S.

Gini da benci da littattafai daga SUBEB suke fitowa. Kuɗin ginin ma UBEC ba ta sakinsa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, ta kuma miƙa tsarin ayyukan da za ta yi an amince da shi. In kuka tsare E.S. kan rufin da iskar farkon damina ta yaye, kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ke wuyansa a nan guda ne: ya sa makarantarku cikin jerin buƙatun da yake aikawa sama, da hoto da adadin yara, kafin a rufe tsarin shekara. Wannan jerin za ku nemi gani.

Batun hukunta malami kuma, a tsarin da aka gada tun dokar ilimin firamare ta 1993, ofishin ilimi yana da iko kai tsaye kan ma'aikata daga matakin albashi na 01 zuwa 06. Daga 07 zuwa sama sai dai ya rubuta shawara, SUBEB ta yanke. Mai NCE, wadda ita ce ƙaramar takardar da aka yarda a koyar da ita, a ƙa'ida daga 07 yake farawa. Ka ga ke nan yawancin malaman aji ba zai iya korarsu ba. Amma yana iya ba malami takardar neman bahasi, yana iya rubutawa a dakatar da albashinsa, kuma rabon malamai a cikin ƙaramar hukuma a teburinsa ake tsara shi. Nan ne ba na yi masa uzuri ko kaɗan.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. A ce ƙaramar hukuma tana da yara 14,000 da malamai 400. A takarda lissafi ya fita daidai, kowane malami 35. Amma ka raba makaranta-makaranta, sai ka tarar da ta cikin gari mai yara 600 tana da malamai 40, ta bakin fadama mai yara 300 tana da uku. Wannan ba ƙarancin malamai ba ne, rashin adalci ne wajen rabo. Dalilansa sanannu ne: takardar babban mutum, malamai mata da aure ya tsare a gari, ƙauye babu gidan malamai, kuɗin mashin kullum ya cinye albashi. A yankin Danko/Wasagu da Sakaba ga tsoron 'yan bindiga, musamman tun sace ɗaliban da aka yi a Birnin Yauri cikin Yunin 2021, wannan kuwa uzuri ne na gaskiya, ba a tilasta wa mutum kan ransa.

Inda canjin wurin aiki yake lalacewa shi ne bayan an ba da takarda. Malami ya karɓa, ya bi ta bayan fage, a ce masa da baki ya yi zamansa. Sunansa ya koma makarantar ƙauye, shi yana gari. Ofis ya duba takarda ya ga ƙauyenku na da malamai shida, ya ce ba ku da matsala. Maganinsa hedimasta ya rubuta wa ofis ranar da kowane sabon malami ya kama aiki, wanda bai zo ba cikin mako biyu shi ma a rubuta, kwamiti ya riƙe kwafi. Kuma in ana ɗaukar sababbi, ku matsa a ɗauki 'yan asalin mazaɓar masu NCE. Kwalejin Adamu Augie da ke Argungu tana yaye su duk shekara, kuma ɗan gari ba ya buƙatar kuɗin mashin.

Malama Uwar Ɗalibai:

Baba Sufeto ya yi bayanin iko, Allah ya saka da alheri. Ni ɓangaren awo zan taɓa, don ko an kawo muku malamai goma, in yaro bai iya karatu ba ba a yi komai ba.

Kada ku dogara da sakamakon jarrabawar ƙarshen zango. Wanda ya koyar shi ya fitar da tambayoyi, shi ya yi maki, kuma ba a cika maimaita wa yaro aji ba. Ku yi naku gwajin, ba ya cin kuɗi. Ku rubuta baƙaƙe da wasula 100 a hargitse a takarda ɗaya, manya da ƙanana, har da ɓ da ɗ da ƙ. A wata takardar ku rubuta ɗan gajeren labari da Hausa, kalmomi kamar 50, wanda ba ya cikin littafin ajinsu, don yaranmu suna da kaifin hadda, za su rera maka shafi sukutum ba su gane harafi ɗaya ba. Ku ɗauki yara goma daga aji biyu, goma daga aji huɗu. Kada malami ya zaɓo muku. Ku buɗe rijista ku riƙa ɗaukar kowane suna na biyar, rabi maza rabi mata. Kowane yaro minti ɗaya, shi kaɗai, a inuwa, ba bulala a kusa. A ƙirga abin da ya karanta daidai, sannan a ɗauke takardar a yi masa tambaya uku kan labarin. Ga 'yan aji huɗu a ƙara lissafin ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 17.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce yara nawa ne ba su karanta ko kalma ɗaya ba. Ku rubuta ta a farkon zangon farko, ku sake gwajin a ƙarshen zango na uku. In ba ta ragu ba, akwai magana. Sau da yawa za ku tarar an ajiye ƙwararren malami a aji shida, an bar aji ɗaya da na biyu ga wanda ya fi rauni, alhali can ne ake dasa karatu. Wannan hedimasta na iya gyara shi cikin yini ɗaya.

Sai zuwan malamai da yara. Ziyarar da aka sanar ba ta nuna komai. Ku je ranar kasuwar yankin, ku je Juma'a, ku je bayan an dawo tara, don makarantu da yawa daga tara suke watsewa. Ku je lokacin yankan shinkafa da lokacin dashen rani ko cirar albasa, ku ga yadda aji ke komawa rabi. Ku ƙirga kawuna ku gwada da rijista.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai: ku nemi sunayen 'yan matan da suka gama aji shida bara, ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku ga nawa ke ƙaramar sakandare yau. Inda babu malama ko ɗaya, babu ban ɗaki mai ƙofa, sakandare kuma sai an yi tafiya mai nisa, daga aji biyar suke fara zamewa. Ofishin da bai san wannan adadin ba bai san makarantunsa ba.

Mai Lissafi:

Maganar ciyaman gaskiya ce. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma daga nan aka saba cire albashin malaman firamare kafin a raba sauran. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Sai dai ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, ta daɗe tana adawa da a mayar da albashi hannun ciyamomi, don an gwada a 1991, malamai suka yi watanni ba biya, yajin aiki ya yi yawa, shi ya sa aka sake tsari a 1993. Gwamnan Kebbi Nasir Idris ma tsohon shugaban NUT na ƙasa ne, ya san wannan tarihin.

Zan ɗan saɓa wa Baba Sufeto a wuri ɗaya. E.S. ba ya riƙe kuɗin albashi, amma jerin sunayen da ake biya daga ofishinsa yake tashi, kuma nan ma'aikatan bogi ke ɓuya. Takardu uku za ku jera: sunayen da ofis ya ce suna makarantarku, littafin sa hannu na malamai, da waɗanda kuka gani da ido. A littafin sa hannu ku lura da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya ya cike sunaye biyar, ko kowa ya iso 7:30 daidai har wata guda.

Adadin yara ma a yi hattara da shi. Lokacin shirin gwamnati na ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, da ake biyan naira 70 kan kowane yaro, rijistoci da yawa sun kumbura. In kuka kai ƙara da adadin da ba na gaskiya ba, rana ɗaya za a zo ƙirga a watsar da kokenku duka.

Kuɗin alli da na jarrabawa da ake karɓa kuwa dokar 2004 ta hana, har da tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Hedimasta yana karɓa ne don ba a aiko masa da kuɗin gudanarwa ba. Kwamiti na iya tara gudummawar son rai, a rubuta shiga da fita a karanta a taron iyaye, amma kada a kori yaro don bai kawo ba.

Ɗan Kwamiti:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. In mun tattara waɗannan, wa za mu fara kai wa?

Tsohon Sufeto:

Ku fara da hedimasta, ya ga komai kafin ya fita, kada ya ji a waje ya ɗauka ƙararsa aka kai. Sannan takarda shafi ɗaya zuwa ga E.S., buƙata ɗaya tak, misali malamai uku da za su zo da ƙafarsu, da lambobinku a ƙasa. Shugaban kwamiti da shugabar mata da hakimi su sa hannu, a ba uban ƙasa da kansila kwafi. Ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a naku. Ku kai cikin Yuli ko farkon Agusta, kafin a tsara rabon malamai na sabuwar shekarar karatu, don in an shiga Oktoba sai a ce ku jira baɗi. In wata guda ya wuce shiru, ku aika wa shugaban SUBEB irinta, ku liƙa mai hatimin a baya.